Yadda Shugaba Zai Shirya Jawabi, Ya Gabatar da Baƙo, Ya Kafa Hujja

Duk wanda aka ɗora wa shugabanci, na ƙungiya ne ko na makaranta ko na ma'aikata, akwai ranar da za a miƙa masa makirufo a ce ga fili nan. A ranar, mutane ba za su ga dararen da ya raba yana aiki ba, ba za su ga tarin takardun da ya duba ba. Abin da ya fito daga bakinsa, da shi za su auna shi. Na sha ganin mutumin kirki mai aiki tuƙuru ya miƙe ya yi minti arba'in yana kewaye-kewaye, a watse ba wanda zai iya faɗin abin da ya ce. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, domin aikinsa mai kyau ne, rashin shirya magana ne kawai ya rage masa kwarjini.

Ga ma'aunin da nake so ka riƙe tun daga farko. Jawabi ya yi kyau idan wanda ya saurara zai iya komawa ya faɗa wa wanda bai zo ba abin da ka ce, kuma ya san abin da ake so ya yi. Tafi ba ya tabbatar da wannan, domin ana tafa wa mutum don ladabi, ana kuma tafa masa don an ji daɗin ya gama. Matakan da ke tafe duk a kan wannan ma'auni aka gina su. Ina cewa "ka" ne don sauƙin rubutu, amma maganar ta shafi shugaba mace kamar yadda ta shafi namiji.

Mataki na farko: nemo jimla ɗaya

Kafin ka rubuta komai, tambayi kanka: in mutanen nan za su manta da duk abin da na faɗa sai abu ɗaya, wanne nake so ya zauna? Rubuta amsar a jimla ɗaya cikakkiya. "Matsalar jinkirin aiki" take ne kawai, bai ce komai ba tukuna. Amma "daga watan gobe kowane sashe zai miƙa rahotonsa kafin ranar Alhamis, domin jinkirin sashe ɗaya yana tsayar da aikin kowa" saƙo ne, ana iya ɗaukarsa a tafi da shi. Idan ka kasa haɗa wannan jimla, to ba ka gama tunani ba, kuma tsayuwa gaban jama'a ba za ta ƙarasa maka tunanin ba.

Ranar 19 ga Nuwamba 1863 aka yi taron keɓe maƙabartar sojoji a Gettysburg, a ƙasar Amurka. Babban mai jawabi shi ne Edward Everett, wanda ake ƙirgawa cikin manyan masu fasahar zance na lokacinsa, kuma ya yi kusan awa biyu yana magana. Bayansa Shugaba Abraham Lincoln ya miƙe, ya yi kamar minti biyu, kalmominsa ba su kai 300 ba. Kashegari Everett ya rubuta masa wasiƙa yana cewa da zai so a ce cikin awa biyun nan ya kusanci zuciyar al'amarin kamar yadda Lincoln ya yi cikin minti biyu. Everett ba sakarci ya yi ba, dogon jawabi aka gayyace shi ya yi, ya kuma yi. Abin lura shi ne Lincoln ya san abu ɗayan da ya zo faɗi, bai bar komai ya shiga tsakaninsa da shi ba.

Daga nan sai ka juya ga mutanen da za ka fuskanta. Su wane ne? Me suka riga suka sani, don kada ka ɓata lokaci kana maimaita musu? Me suke tsoro, me zai hana su yarda da kai? Ka tuntuɓi masu shirya taron ka ji minti nawa aka ba ka, wa zai yi magana kafin kai, me zai faɗa, kuma ko za a yi tambayoyi. Jawabin da za a yi wa mutum goma sha biyu a ɗakin taro daban yake da wanda za a yi wa dubu a fili, ko da saƙon ɗaya ne.

Mataki na biyu: gina jawabin don kunne

Mai karatu yana iya komawa baya in ya ɓace. Mai sauraro ba shi da wannan dama, abin da ya wuce shi ya wuce. Don haka jawabi yana son gajerun jimloli, sanannun kalmomi, da maimaici a inda ya dace. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan maimaita magana sau uku domin a fahimce ta, kuma Nana A'isha ta ce yana magana ne yadda in mai ƙirge ya so ƙirga kalmominsa zai iya. Wanda yake ganin saurin baki shi ne fasaha, ya tsaya ya duba wannan.

Jikin jawabi kada ya wuce manyan batutuwa uku, kuma kowanne ya zama yana tallafar jimlar nan taka. A kowane batu ka faɗi abin da kake nufi a fili, ka kawo dalili, ka ba da misali guda da ido zai iya gani. Misalin shi ne yakan zauna a kai bayan an manta da bayanin. In za ka kawo alƙaluma, zaɓi ɗaya ko biyu masu nauyi, ka sauƙaƙa su. "Mutum ɗaya cikin huɗu" ya fi shiga kunne da "kashi ashirin da huɗu da ɗigo takwas cikin ɗari". Idan ka tashi daga wani batu zuwa wani, sanar da mutane: "wannan ke nan game da dalili, yanzu ga abin da za mu yi."

Buɗewa tana da tarko biyu. Na farko dogon jerin gaisuwa. Girmama manya wajibi ne, amma in shugaban taro ya riga ya ambaci kowa da sunansa, gaida shi da babban baƙo da sauran mahalarta a dunƙule ya wadatar. Na biyu ba da haƙuri: "ban shirya ba", "ni ba gwanin magana ba ne". Mai faɗin haka yana neman sassauci ne, amma abin da jama'a ke ji shi ne bai ɗauki lokacinsu da muhimmanci ba. Fara da abin da ya shafe su kai tsaye, tambaya ce ko gajeren labari na gaskiya ko ma ainihin saƙon.

Rufewa kuwa ka rubuta ta kalma bayan kalma, ka haddace. Jawabai da yawa suna lalacewa ne a ƙarshe, mai magana ya ce "daga ƙarshe" sau uku yana neman ƙofar fita. Maimaita jimlarka, faɗi abin da kake so a yi da lokacin da za a yi shi, ka yi godiya, ka zauna.

Sai maganar takarda: a karanta ne ko a haddace? Winston Churchill, a farkon zamansa a majalisar dokokin Birtaniya, yakan haddace jawabinsa gaba ɗaya. A 1904 yana tsakiyar magana sai zaren ya tsinke masa, ya nemi kalma ya rasa, dole ya zauna. Daga ranar bai ƙara miƙewa ba sai da cikakken rubutu a hannu. Hadda zalla haɗari gare ta, domin kalma ɗaya in ta kuɓuce sai ta ja sauran. Karantawa kai a sunkuye kuma tana raba ka da mutane. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ka rubuta jawabin cikakke don tunaninka ya daidaita, sannan ka fitar da kanun batutuwa a ƙaramar takarda da manyan haruffa, ka haddace buɗewa da rufewa kaɗai. Sai fa in magana ce da kowace kalma za a iya kafa hujja da ita a kanka, kamar sanarwar hukuma ko bayani ga 'yan jarida. Wannan karanta ta za ka yi, babu kunya a ciki, magana zarar bunu ce.

Mataki na uku: gwaji da baki

Karanta jawabi a zuci ba gwaji ba ne. Miƙe tsaye, ɗaga murya kamar mutanen suna gabanka, ka saka agogo. A nan za ka gane jimlar da ta yi tsawo har numfashi ya ƙare, da kalmar da harshe ke tuntuɓe a kanta. Ɗauki muryarka a waya ka saurara. Ba daɗi a karon farko, amma a nan ne za ka ji "eh to", "wato", "ka gane" ɗin da kake cusawa ba ka sani ba. In an ba ka minti goma, shirya na takwas, domin a gaban jama'a magana takan miƙe fiye da yadda ta yi a ɗaki.

Demosthenes, wanda ya fi kowa suna a fasahar jawabi a tsohuwar Girka, da rauni ya fara: muryarsa ba ƙarfi, harshensa na sarƙewa, numfashinsa gajere. Marubucin tarihi Plutarch ya kawo cewa yakan sa tsakuwa a baki ya yi ta magana, yakan karanta baitoci yana hawan tudu, yakan tsaya gaban babban madubi yana duba motsinsa. Ba sai ka sa tsakuwa ba, amma ka san cewa gwanintar nan koyonta ake yi. Har abin da ake gani kamar ya zo wa mutum nan take, yawanci ya daɗe a bakinsa. Jawabin Martin Luther King, jagoran fafutikar 'yancin baƙar fata a Amurka, na ranar 28 ga Agusta 1963 a Washington, sashen da ya fi shahara, inda yake ta maimaita cewa yana da mafarki, ba ya cikin takardar da ya hau da ita. Amma ya riga ya yi irin wannan magana a wasu tarurruka, har da na Detroit wata biyu kafin nan. Da ya ajiye takarda, abin da ya saba ya ɗauko.

Mataki na huɗu: fargaba, murya da tsayuwa

Bugun zuciya, bushewar baki, rawar hannu, duk aikin sinadarin adirenalin ne da jiki ke saki idan ya ji kamar akwai haɗari. Ba alamar rashin cancanta ba ce. Annabi Musa (AS) da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi Allah Ya buɗa masa ƙirji, Ya warware ƙullin harshensa domin a fahimci maganarsa. Lura da abin da ya nema: a fahimta.

Abin da ke taimakawa kaɗan ne kuma mai sauƙi. Je wurin da wuri, ka tsaya inda za ka tsaya, ka gwada makirufo. Kafin a kira ka, ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, sau huɗu ko biyar. Ajiye ruwa kusa. Da ka isa gaban jama'a kada ka fara nan take, tsaya daƙiƙa biyu ko uku, dubi mutane, sannan ka buɗe baki. Fargabar takan yi ƙarfi ne a minti na farko, shi ya sa aka ce ka haddace buɗewa.

Dubi mutum ɗaya ka gama masa jimla, sannan ka koma kan wani a wani ɓangaren. Yi magana don na layin ƙarshe ya ji. Bayan muhimmiyar magana yi shiru kaɗan, a bar ta ta sauka. Shirun da kai kake jin ya yi tsawo, a kunnen mai sauraro hutu ne. Makirufo ya kasance kamar tazarar tafin hannu daga bakinka, kuma in ka juya kai ka juya da shi. In kana amfani da majigi, kada ka cika allo da rubutu ka juya wa mutane ƙeya kana karanta musu abin da suka riga ka karantawa.

Akwai wata magana da masu horarwa ke yawan yaɗawa, wai kalmomi kashi 7 ne kacal cikin ɗari na saƙo, sauran murya ce da motsin jiki. Wannan ya samo asali ne daga binciken masanin halayyar ɗan Adam Albert Mehrabian na 1967, wanda ya duba abu ƙanƙane: yadda mutane ke gane so ko ƙi idan kalma guda ta saɓa da sautin murya ko yanayin fuska. Bai shafi jawabi ba. Ina kawo wannan ne don na ga mutane suna ɓata kwanaki suna koyon yadda za su motsa hannu, alhali abin da za su faɗa bai nuna ba.

Mataki na biyar: gabatar da mai jawabi

Wannan aiki ana raina shi, kuma shugabanni sun fi yin sa fiye da dogon jawabi. Mai gabatarwa gada ce tsakanin baƙo da jama'a. Aikinsa ya sa mutane su so saurare, ya sa baƙon ya hau da natsuwa, sannan ya kauce.

Shirin yana farawa kwanaki kafin taro. Kira baƙon ko ka rubuta masa. Tambaye shi cikakken sunansa da yadda ake furta shi, muƙamin da yake so a ambata, ainihin taken jawabinsa, da abin da ba ya so a faɗa. Muƙamai suna canzawa, abin da ka gani a intanet wataƙila na shekara uku da suka wuce ne. Rubuta sunan yadda kake jin sa a kunne, ka maimaita har bakinka ya saba. Kuskuren suna a gaban jama'a ƙaramin abu ne a wurin mai yin sa, amma mai sunan ba ya mantawa.

Gabatarwar kanta tambayoyi uku take amsawa, a jere: me ya sa batun nan yake da muhimmanci, me ya sa ya shafi waɗannan mutane a yanzu, me ya sa wannan ne ya dace ya yi magana a kansa. Sai a rufe da suna. Minti ɗaya zuwa biyu ya isa. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Jama'a, a 'yan watannin nan ba abin da muka fi tattaunawa kamar yadda za mu riƙe sababbin ma'aikata kada su bar mu bayan mun horar da su. Yau muna tare da wadda ta daɗe tana wannan aiki da hannunta. Ta jagoranci sashen horarwa, ta ga inda ake nasara da inda ake tuntuɓe, kuma ta amince ta faɗa mana duka biyun. Za ta yi mana magana a kan wata shidan farko na sabon ma'aikaci. Ku taya ni maraba da Malama wance."

Duba abin da ba ya ciki. Ba a karanto tarihin rayuwarta tun daga firamare ba. Daga doguwar takardar tarihin baƙo, abu biyu ko uku da suka shafi batun yau za ka zaɓa. Ba a ce "ba ta buƙatar gabatarwa" sannan a yi minti goma ana gabatar da ita ba. Ba a yi alƙawarin cewa za ta girgiza ɗakin ba, domin yabon da ya wuce kima kaya ne kake ɗora wa baƙo, dole ya yi ta fama ya kai inda ka ajiye shi. Mafi muni shi ne mai gabatarwa ya shiga batun da kansa, ya faɗi ra'ayinsa, ya cinye rabin abin da baƙon ya kwana yana shiryawa. Wannan cin amana ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Haka nan barkwanci a kan baƙo, ko tono wani labarinsa na sirri don a nuna an saba, a bar shi sai in shi ya yarda tun kafin taro.

In ka ambaci sunan, juyo ka dube shi, ka tsaya a wurin har ya iso, ku gaisa, ka miƙa masa makirufo, sannan ka koma. Kada a bar mumbari ba kowa. Ka zauna ka saurara da gaske, domin jama'a suna kallonka, in ka duƙufa kan waya su ma za su duƙufa.

Tsare lokaci ma naka ne. Ku yi yarjejeniya tun farko a kan alamar da za ka ba shi idan saura minti biyar, da idan lokaci ya cika. Yin hakan kafin taro ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan katse babban mutum a tsakiyar magana. In ya gama, godiyarka ta zama gajera kuma ta ambaci abu ɗaya takamaimai da ya faɗa. Kada ka sake yin jawabin nasa da sunan taƙaitawa.

Mataki na shida: kafa hujja

Shugaba yana iya ba da umarni a bi, amma abin da aka bi ba a gamsu ba, da ya juya baya ake sakinsa. Shi ya sa iya kafa hujja ya fi iya ƙawata zance amfani a gare shi.

Tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin falsafa na tsohuwar Girka Aristotle ya ce abubuwa uku ke sa a yarda da mai magana: halinsa da amincinsa kamar yadda suka bayyana a maganar, yanayin da ya jefa zukatan masu sauraro, da ƙarfin dalilin kansa. Ukun nan tare suke tafiya. Dalili mai ƙarfi daga bakin wanda aka sani da ƙarya ba ya shiga. Motsa zuciya ba tare da dalili ba kuwa, yana tasiri yau, gobe mutane su farga su ji an yi wasa da hankalinsu.

Ta fuskar dalili, akwai tsarin da masanin falsafa ɗan Birtaniya Stephen Toulmin ya fitar a 1958, wanda na ga yana da amfani ƙwarai wajen duba magana kafin a fita da ita. A taƙaice, kowace hujja tana da da'awa, wato abin da kake so a yarda da shi. Da shaida, wato abin da ka dogara a kai. Da kuma igiyar da ta ɗaure shaidar da da'awar. A ce kana so a mayar da taron mako-mako zuwa safiya. Da'awarka ke nan. Shaidarka ita ce rajistar halarta ta nuna mutane sun fi zuwa duk lokacin da aka yi da safe. Igiyar kuwa ita ce zaton cewa lokacin ne ya kawo su. To a nan ake yawan faɗuwa, domin igiyar ba a cika furta ta ba, balle a gwada ƙarfinta. Wataƙila tarurrukan safen nan su ne waɗanda aka tattauna ƙarin girma, shi ya sa aka cika. Abu biyu su faru tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Kafin ka miƙe, nemo igiyar kowace hujja taka ka ja ta da ƙarfi, ka ga ko za ta tsinke. Gara ta tsinke a hannunka.

Sannan ka auna kalmominka da girman shaidarka. In abin da ka sani "sau da yawa" ne, kada ka ce "kullum". Mai cewa "kullum" misali ɗaya ake buƙata a kayar da shi. Ka faɗi inda ka samo alƙalumanka. Ka bambance abin da ka tabbatar da abin da kake hasashe, a fili, da bakinka.

Abin da ya fi wuya, ya kuma fi amfani, shi ne ka kawo hujjar masu saɓa maka da kanka, a mafi ƙarfin siffarta, yadda in suna wurin za su ce "haka muke nufi". Sannan ka amsa. In akwai inda suke da gaskiya, ka ce suna da gaskiya. Ranar 20 ga Afrilu 1964, a shari'ar Rivonia a Pretoria ta Afirka ta Kudu, Nelson Mandela ya yi dogon bayani gaban kotu alhali hukuncin kisa na iya hawa kansa. Bai musanta cewa ya shirya ɓarnata kayan gwamnati ba. Ya amsa, sannan ya bi tarihi daki-daki yana nuna yadda aka toshe duk hanyoyin lumana kafin su kai ga wannan shawara. Da ya fara da musun abin da kowa ya sani, da sauran maganarsa ba ta yi nauyin da ta yi ba.

Akwai hanyoyin cin muhawara na ha'inci da ya kamata ka gane, don kada ka yi su kuma kada a yi maka. Sukar mutum maimakon maganarsa. Ƙirƙira wa abokin muhawara abin da bai ce ba, sannan a rushe shi. Matse mutane tsakanin zaɓi biyu, "ko ku yarda da wannan ko komai ya lalace", alhali akwai na uku. Yanke hukunci a kan jama'a da misalin mutum ɗaya. Da kuma fakewa da "kowa ya sani" ko "manya sun ce". Shugaba ya fi kowa fuskantar jarrabawar nan, domin na ƙasa da shi ba kasafai za su ce masa hujjarsa ta yi rauni ba. Za su yi shiru, ya ɗauka ya gamsar da su. An ruwaito daga Imam Shafi'i cewa bai taɓa muhawara da wani yana fatan wancan ya yi kuskure ba. Wanda ya shiga zance da wannan zuciya, in an kawo masa dalilin da ya fi nasa zai iya cewa "na karɓa" a gaban jama'a, kuma daga ranar za a fi yarda da shi idan ya ce ya tabbata.

Mataki na bakwai: tambayoyi da labari marar daɗi

Saurari tambaya har ƙarshe, ka maimaita ta a taƙaice don kowa ya ji, ka amsa abin da aka tambaya. In ba ka sani ba, ce ba ka sani ba, ka faɗi ranar da za ka kawo amsa, ka kuma cika. Mai tambaya cikin fushi, cire zafin ka amsa ainihin damuwar, kada ka rama, domin kai ke riƙe da makirufo kuma jama'a sukan tausaya wa wanda aka fi ƙarfi. Wanda ya mai da tambaya jawabi, tsayar da shi cikin ladabi: "mun ji bayaninka, mece ce tambayar?"

Wata rana kuma labari marar daɗi za ka kai: rage ma'aikata, asara, rasuwa, ko kuskuren da kai ka yi. Ranar 4 ga Afrilu 1968 sanatan Amurka Robert Kennedy ya tsaya gaban taro a birnin Indianapolis, yawancinsu ba su ji an kashe Martin Luther King ba. A jimlolinsa na farko ya faɗa musu. Sannan ya amince da zafin da za su ji, ya ambaci cewa shi ma an kashe masa ɗan'uwa, ya roƙe su abin da yake so su yi. Duka bai wuce kamar minti biyar ba. Tsarin ke nan: faɗi labarin da wuri kuma a fili, kada ka ja mutane da shimfiɗa suna jiran saukar guduma. Faɗi abin da aka sani da abin da ba a kai ga sani ba. In laifinka ne, ce "na yi kuskure", kada ka ce "an samu kuskure". Sai ka faɗi mataki na gaba da lokacin da za a sake jin ta bakinka.

Bayan kowane jawabi, kwana ɗaya ko biyu, nemi mutum biyu da suka halarta, waɗanda ba sa jin nauyin faɗa maka gaskiya. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi. Ce musu su faɗa maka abin da suka ji ka ce. Kwatanta amsarsu da jimlar da ka rubuta a mataki na farko, ka rubuta bambancin a littafi, ka buɗe shi ranar da za ka fara shirya jawabi na gaba.